Auren jinsi da kundin tsarin mulkin Amurka: ina ikon shugaban ƙasa ya tsaya?

Ranar 20 ga Janairun 2025, da Donald Trump ya koma Fadar White House, ya sa hannu a kan wani umarni da ke cewa gwamnatin tarayyar Amurka jinsi biyu kawai ta sani, namiji da mace. Kafin gari ya waye wata magana ta cika wayoyi: wai Trump ya soke auren jinsi. Na ji ta a teburin mai shayi, na kuma gan ta a WhatsApp ana ta turo ta daga wannan zaure zuwa wancan. Shekara goma kafin nan, kishiyarta ce ta yi yawo, wai Obama ne ya halatta auren da alƙalaminsa.

To, shin shugaban Amurka yana da ikon halatta auren jinsi ko haramta shi? Idan ya so a rubuta a cikin kundin tsarin mulki cewa aure na namiji da mace ne kaɗai, mene ne nasa a ciki? An taɓa gwadawa. George W. Bush ya nemi a yi haka a 2004, lokacin da jam'iyyarsa ke riƙe da majalisun tarayya biyu, amma ya sauka daga mulki ba a ƙara ko wasali ɗaya ba. Hukuncin addini a kan wannan aure sananne ne a wurin mai karatu, kuma ba shi nake son warwarewa ba. Abin da ake yawan ruɗewa a kansa shi ne wanda ke riƙe da wuƙa da nama a tsarin Amurka.

Takardu uku da ake haɗa su wuri ɗaya

Ruɗanin yana farawa ne daga kiran kowace takarda “doka”. Akwai umarnin shugaban ƙasa, wanda ma'aikatun gwamnatin tarayya kawai yake wa jagora, kuma wanda ya gaje shi yana iya yaga shi ranar da ya shiga ofis. Irinsa ne Trump ya sa wa hannu, kuma babu inda ya taɓa igiyar auren kowa. Sai dokar majalisa, wadda Majalisar Wakilai da ta Dattawa ke amincewa da ita, a kai wa shugaba ya rattaba hannu ko ya hau kujerar na-ƙi. Sama da su duka akwai kundin tsarin mulki, wanda Kotun Ƙoli ke fassarawa. Duk dokar da kotun ta ce ta ci karo da kundin, ta mutu, ko shugaba nawa ne suka sa mata hannu.

Akwai kuma abin da ɗan Najeriya ba ya saurin kawowa a ransa: a Amurka kowace jiha daga cikin 50 tana da nata kundin tsarin mulkin, kuma tun asali sha'anin aure da saki na jihohi ne. Takardar izinin aure a ofishin ƙaramar hukuma ake karɓarta, bisa dokar jiha. Saboda haka idan aka ce “gyaran kundi a kan aure”, sai an tambaya: kundin tarayya ko na jiha? Amsar tana sauya komai.

Hanyar gyaran kundin tarayya

Sashe na 5 na kundin Amurka ne ya shimfiɗa hanyar, kuma an yi ta ne da gangan don ta yi wuya. Sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun amince da ƙudurin, wato sanatoci 67 cikin 100 da wakilai 290 cikin 435 idan kowa ya halarta. Daga nan a aika wa jihohi, sai kashi uku bisa huɗu sun yarda, wato jihohi 38. Idan aka juya lissafin, jihohi 13 kacal sun isa su binne kowane gyara. Akwai hanya ta biyu, inda majalisun jihohi 34 za su nemi a kira babban taro na musamman, amma ba a taɓa bin ta ba tun da aka rubuta kundin a 1787.

An gabatar da ƙudurorin gyara sama da 11,000 a majalisa. Guda 33 ne suka tsallake zuwa jihohi, 27 suka shiga kundin. Na ƙarshe ya shiga a 1992, kuma tun 1789 aka gabatar da shi.

Duk wannan bayanin, an ambaci shugaban ƙasa? Ko sau ɗaya sashen bai kira sunansa ba. Ƙudurin gyara ba ya bi ta teburinsa, ba ya buƙatar sa hannunsa, ba ya kuma iya hana shi wucewa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1798, a shari'ar Hollingsworth da jihar Virginia, inda wasu suka yi ƙorafin cewa gyara na 11 bai inganta ba saboda ba a kai wa shugaban ƙasa ba. Alƙali Samuel Chase ya katse maganar da cewa kujerar na-ƙin shugaba ta dokokin yau da kullum ce, babu ruwansa da gabatar da gyaran kundi ko amincewa da shi.

An samu shugabannin da suka sa hannu duk da haka. Ranar 1 ga Fabrairun 1865 Abraham Lincoln ya rattaba hannu a kan ƙudurin gyara na 13, wanda ya haramta bauta. Bayan 'yan kwanaki Majalisar Dattawa ta fitar da matsaya cewa sa hannun bai zama dole ba, kada a mayar da shi al'ada. Misali mafi kusa ya fi wannan ban dariya. Kwana uku kafin Joe Biden ya sauka, ranar 17 ga Janairun 2025, ya fito ya ce gyaran daidaita haƙƙin maza da mata, wanda majalisa ta aika wa jihohi tun 1972, ya zama gyara na 28. Ofishin adana takardun tarihin ƙasa, wanda aikinsa ne ya tabbatar da gyara ya wallafa shi, ya riga ya ce ba zai yi ba saboda wa'adin da aka ɗibar wa jihohi ya wuce. Shugaba ya faɗa, kundin ya zauna da gyare-gyarensa 27.

Me ya sa muke zaton sai ya sa hannu?

Saboda haka muka saba gani a gida. Sashe na 9 na kundin Najeriya na 1999 yana neman kashi biyu bisa uku na Majalisar Dokoki ta Ƙasa da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A 2010 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ce sai shugaban ƙasa ya sa hannu gyara zai yi aiki, kuma a kan haka ake tafiya. Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a gyaran da aka kai masa a 2015, aikin shekaru ya bi ruwa. Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran rage shekarun tsayawa takara a 2018, ya kuma sa wa wasu 16 a Maris ɗin 2023. Ita kuwa dokar haramta auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, dokar majalisa ce, kundin ba a taɓa shi ba. A Rasha ma, gyare-gyaren 2020 da suka rubuta cewa aure na namiji da mace ne, Vladimir Putin ne ya taso da shirin yi wa kundin kwaskwarima da kansa. Wanda ya saba da waɗannan ba laifinsa ba ne idan ya auna Amurka da mudun da ya sani.

Abin da ya kai Bush ga neman gyara

Ruwa ba ya tsami banza. A 1993 Kotun Ƙolin jihar Hawaii ta nuna cewa hana masu jinsi ɗaya aure yana iya saɓa wa kundin jihar. Wannan ya tayar da hankalin sauran jihohi, domin kundin tarayya ya wajabta wa kowace jiha mutunta takardu da hukuncin 'yar'uwarta. Tsoron shi ne mutum biyu su tashi su ɗaura aure a Hawaii, su dawo Texas su ce sai an karɓa. Majalisa ta yi sauri ta kafa dokar kare aure, wadda aka fi sani da DOMA, a 1996: wakilai 342 da 67, sanatoci 85 da 14. Dokar ta ce a idon gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne, kuma babu jihar da za a tilasta wa amincewa da auren jinsi na wata jiha. Bill Clinton, ɗan Democrat, shi ya sa mata hannu, cikin dare, babu biki babu masu ɗaukar hoto. Biden, yana sanata a lokacin, yana cikin waɗanda suka jefa mata ƙuri'a.

Daga 2003 abubuwa suka fara gudu. A watan Yuni Kotun Ƙolin tarayya ta rushe dokokin jihohin da ke hukunta luwaɗi. Ranar 18 ga Nuwamba Kotun Ƙolin Massachusetts ta ce kundin jihar bai yarda a hana masu jinsi ɗaya aure ba, ta ba majalisar jihar kwana 180. Sai ranar 12 ga Fabrairun 2004 magajin garin San Francisco, Gavin Newsom, ya umarci ma'aikatansa su fara ba da takardun aure, alhali dokar Kalifoniya ta hana. Waɗanda aka fara ba wa wasu mata biyu ne tsofaffi, ɗaya ta haura 80, sun shafe shekara 50 tare. Layi ya zagaye ginin hukumar birnin, wasu suka kwana a waje, gidajen talabijin suna nunawa dare da rana. Kafin kotu ta dakatar da abin a watan Maris an ba da takardu kusan 4,000, waɗanda daga baya aka soke su gaba ɗaya.

Kwana 12 da fara wannan layin, ranar 24 ga Fabrairu, Bush ya tsaya a wani ɗakin taro na Fadar White House ya yi jawabi na 'yan mintoci. Ya ce wasu alƙalai da jami'an ƙananan hukumomi suna ƙoƙarin sauya ma'anar aure, kuma babu tabbacin DOMA za ta tsira a gaban kotu, don haka mafita ɗaya ce, a gyara kundin. A lura da abin da ya yi a aikace: kira ya yi ga majalisa. Ƙudurin ma ba nasa ba ne, 'yar majalisa Marilyn Musgrave da Sanata Wayne Allard, dukkansu daga Colorado, su ne suka ɗauki nauyinsa. Jimla biyu ce kawai. Ta farko ta ce aure a Amurka haɗuwar namiji da mace ne kaɗai. Ta biyu ta ce kada a fassara kundin tarayya ko na wata jiha da cewa ya wajabta ba wa wata haɗuwa dabam matsayin aure ko haƙƙoƙinsa. Wannan jimla ta biyu ta jawo gardama har a tsakanin magoya baya, domin ba a daidaita ba kan ko za ta shafe zaman tare na rajista, wanda jihar Vermont ta fara a 2000, mai ba da haƙƙoƙin aure ba tare da sunan aure ba.

Ranar ƙidaya

A Majalisar Dattawa ko ƙuri'a a kan gyaran kansa ba a kai ga yi ba. Kafin a kai nan sai sanatoci 60 sun yarda a rufe muhawara. Ranar 14 ga Yulin 2004 aka samu 48, 50 suka ƙi. 'Yan Republican shida ne suka juya wa shugabansu baya, cikinsu har da John McCain. A Majalisar Wakilai, ranar 30 ga Satumba, an samu 227 da 186. Rinjaye ne, amma ya yi nisa da kashi biyu bisa uku.

Bush ya ci zaɓe a Nuwamba, kujerun jam'iyyarsa a Majalisar Dattawa suka ƙaru zuwa 55. Aka sake gwadawa a Yunin 2006, aka tashi 49 da 48. Wakilai suka yi tasu a Yuli, 236 da 187. Shekara biyu, da sabon wa'adi, da ƙarin kujeru, ribar da aka samu a Majalisar Dattawa ƙuri'a ɗaya ce, alhali 67 ake nema.

Masu so, masu ƙi, da na tsakiya

Masu goyon baya, waɗanda ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau da shugabannin cocin Katolika ke kan gaba a cikinsu, hujjarsu biyu ce. Ɗaya ta ɗabi'a: aure ya girmi gwamnati, tushen iyali ne da tarbiyyar yara, ba a sake masa ma'ana. Ɗaya ta tsarin mulki: bai kamata alƙalai huɗu a Massachusetts, waɗanda babu wanda ya zaɓe su, su yanke wa ƙasa baki ɗaya hukunci ba, kuma gyaran kundi ne kaɗai alƙali ba zai iya rushewa ba.

Masu adawa daga ɓangaren kare haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo sun ce ana so a rubuta wariya a cikin takardar da gyare-gyarenta suka saba faɗaɗa 'yanci. Suna tuna wa mutane 1967, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe dokokin da suka hana baƙi da farare auren juna. Suna kuma kawo misalin haramta giya da aka saka a kundin a 1919, aka dawo aka cire a 1933 bayan an sha wahala.

Amma a ganina waɗanda suka kashe gyaran 'yan rukuni na uku ne, kuma su ne ba a cika ambata ba. Mutane ne da ba sa goyon bayan auren jinsi, sai dai sun fi ƙin gwamnatin tarayya ta ƙwace wa jihohi sha'anin aure. McCain yana nan. Bob Barr, wanda shi ya rubuta DOMA, yana nan. Mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, wanda 'yarsa Mary ba ta ɓoye cewa da mace take zaune ba, ya faɗa a bainar jama'a a Agustan 2004 cewa shi ya fi son a bar wa jihohi, amma shugaba ne ke tsara manufa. John Kerry, abokin hamayyar Bush a zaɓen 2004, ya ce ba ya goyon bayan auren jinsi, yana goyon bayan zaman tare na rajista, kuma yana adawa da taɓa kundin tarayya. Da irin waɗannan a majalisa, 67 mafarki ce.

Da walakin, goro a miya

Bush da mashawartansa sun iya lissafi. Sun san ƙuri'un ba su kai ba. To me ya sa ya yi kiran? A nan ne ainihin ƙarfin shugaban Amurka yake bayyana: bakinsa. Idan ya ɗauki magana, ta zama maganar ƙasa.

Gyaran kundin jiha ya fi na tarayya sauƙi nesa ba kusa ba, a jihohi da yawa ƙuri'ar raba-gardama da rinjaye kaɗan ta wadatar. A 2004 jihohi 13 suka rubuta haramcin auren jinsi a kundinsu, 11 daga ciki a ranar zaɓen shugaban ƙasa, a takardar ƙuri'a ɗaya da sunan Bush da Kerry. Ohio tana cikinsu. A can gyaran ya samu kusan kashi 62 cikin 100, Bush kuma ya ci jihar da ratar ƙuri'u kusan 118,000, kuma da ya rasa ta da ya rasa kujerar. Masana siyasa har yau suna jayayya kan ko batun auren ne ya fito da masu zaɓen da suka ba shi nasara, wasu na cewa tsaro da yaƙin Iraƙi sun fi tasiri. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da ya biyo baya. A Janairun 2005, kafin ma a sake rantsar da shi, Bush ya shaida wa jaridar Washington Post cewa sanatoci da yawa suna ganin DOMA ta isa, don haka babu abin da zai motsa sai idan kotu ta rushe ta. Malaman cocin da suka yi masa yaƙin zaɓe suka ji kamar an ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Maganar ba ta sake tasowa da ƙarfi ba sai 2006, wata biyar kafin zaɓen 'yan majalisa. Mai karatu ya yi wa kansa hisabi.

Daga ƙarshe jihohi kusan 30 suka yi irin wannan gyara. Kiran da ya faɗi a Washington ya yi 'ya'ya a jihohi.

Sauran makaman shugaba

Na biyu shi ne ma'aikatar shari'a. Barack Obama ya hau mulki yana cewa aure na namiji da mace ne. A Fabrairun 2011 antoni janar ɗinsa, Eric Holder, ya sanar cewa gwamnati ta daina kare sashe na 3 na DOMA a kotu, wato wanda ya ce a idon gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne, duk da za ta ci gaba da aiki da shi. Dole Majalisar Wakilai ta ɗauki lauyoyinta. Ranar 9 ga Mayun 2012 Obama ya fito ya ce yana goyon bayan auren jinsi, kwana ɗaya bayan jihar North Carolina ta saka haramcinsa a kundinta. Maganar tasa ba ta goge ko layi ɗaya na wannan gyaran ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne nisan zango, shi ne naɗa alƙalan Kotun Ƙoli, waɗanda ke zama har mutuwa ko murabus. A 2013 kotun ta rushe sashe na 3 na DOMA da ƙuri'a 5 da 4. Ranar 26 ga Yunin 2015, a shari'ar Obergefell, ta sake yanke hukunci 5 da 4 cewa gyara na 14, wanda aka yi tun 1868 bayan yaƙin basasa, ya wajabta wa kowace jiha ɗaura auren jinsi da amincewa da shi. Alƙalai biyun da Obama ya naɗa suna cikin biyar, biyun da Bush ya naɗa, John Roberts da Samuel Alito, suna cikin huɗu. Amma wanda ya rubuta hukuncin, Anthony Kennedy, Ronald Reagan ne ya naɗa shi, gwarzon masu ra'ayin riƙau. Shugaba yana zaɓen alƙali, ba ya riƙe masa hannu bayan ya zauna.

Shari'ar kuma daga Ohio ta fito, jihar nan ta 2004. Jim Obergefell da John Arthur mazauna Cincinnati ne. Arthur yana fama da ciwon da ke kashe jijiyoyi, ba ya iya tashi. A Yulin 2013 aka ɗauke shi a jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Maryland, inda doka ta yarda, aka ɗaura musu aure a cikin jirgin yana tsaye a filin jirgin Baltimore, suka juyo. Arthur ya rasu a Oktoba. Abin da aka kai kotu shi ne abin da za a rubuta a takardar shaidar mutuwarsa: mai aure ko gwauro. Daga wannan layin guda shari'ar ta taso, har ta kai ga hana aiki da gyare-gyaren jihohi.

Ina abin ya shafi mutum a rayuwarsa?

Aure a Amurka ƙofa ce ta haƙƙoƙi. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ƙirga tanade-tanaden dokokin tarayya 1,138 da suka rataya a kan ko mutum yana da aure: haraji, gado, fansho, inshorar lafiya, bizar ɗauko miji ko mata daga wata ƙasa. Shari'ar 2013 ma a kan kuɗi ce. Edith Windsor ta gaji abokiyar zamanta, wadda suka yi aure a Kanada, aka caje ta harajin gado na dala 363,053, wanda da mijinta ne ya mutu ko sisi ba za ta biya ba.

Ga Musulmi da Kiristan da ke zaune a can, tambayar da ta fi damunsu ita ce ko za a tilasta wa limami ko fasto. Ba a tilastawa. Gyara na 1 ya kare 'yancin addini, masallaci da coci su ke zaɓen auren da za su ɗaura. Inda ake ta fafatawa shi ne wajen ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa. Kim Davis, magatakardar wata ƙaramar hukuma a Kentucky, ta ƙi ba da takardun aure a 2015 saboda imaninta, ta kwana biyar a tsare. Wani mai yin kek a Colorado da ya ƙi yin na bikin auren jinsi ya yi nasara a Kotun Ƙoli a 2018, a kan ƙaramar hujja. Wata mai tsara shafukan intanet daga jihar ta yi tata nasarar a 2023, a kan 'yancin faɗin albarkacin baki.

Inda aka kwana

A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta janye hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki, alƙali Clarence Thomas kuma ya rubuta cewa ya kamata a sake duba wasu hukunce-hukuncen, har da Obergefell. Wannan ya sa majalisa ta kafa dokar mutunta aure, sanatoci 61 da 36, wakilai 258 da 169, Biden ya sa hannu ranar 13 ga Disamban 2022. A nan sa hannunsa ya yi aiki, domin doka ce ta majalisa. Ta soke DOMA, ta wajabta wa gwamnatin tarayya da jihohi amincewa da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha, amma ba ta tilasta wa jiha ta ɗaura da kanta ba, ta kuma keɓe cibiyoyin addini. A lura cewa su ma magoya bayan auren jinsi ba su nemi gyaran kundi ba. Katangar 67 da 38 da ta tare Bush ita ce a gabansu.

Ra'ayin jama'a ma ya juya. Cibiyar Gallup ta samu kashi 27 cikin 100 na masu goyon baya a 1996, ya haura rabi a 2011, ya kai 71 a 2022. Trump kansa, kwanaki kaɗan bayan ya ci zaɓen 2016, ya ce kotu ta riga ta gama da batun. Ko da zai sauya ra'ayi gobe, umarninsa ba ya rushe hukuncin Kotun Ƙoli. Hanyoyi biyu ne kawai: kotun ta janye hukuncinta da kanta, ko a gyara kundin ta Sashe na 5.

Idan ta farko ta faru, maganar za ta koma jihohi, kuma a can tsugune ba ta ƙare ba. Hukuncin 2015 ya hana aiki da gyare-gyaren jihohi, amma bai goge su daga takarda ba. Nevada ta cire nata ta hanyar ƙuri'a a 2020, Kalifoniya da Colorado da Hawaii suka bi sahu a 2024. A sauran jihohi da dama rubutun yana nan kwance. Na Ohio, wanda aka jefa wa ƙuri'a rana ɗaya da Bush da Kerry, har yanzu yana cikin kundin jihar.